Amsa Biyu a Ƙarƙashin Tsohuwar Gada

Manhajar da ke hasashen ambaliya a ofishin kula da kogi, ma'aikata Hawainiya suke ce mata. In aka kwana ana ruwa a kan tuddai, masu auna ruwa suka aiko da alƙaluma da safe aka zuba mata, sai ta kama aiki, fankar kwamfutar tana gurnani kamar babbar mota a hawa. Mutum zai fita ya yi sabgarsa, ya ci abincin rana, ya dawo ya tarar ɗan koren layin nan da ke nuna inda aka kai bai wuce rabin allo ba. Dogo, babban mai auna ruwa, yakan leƙo ta taga ya ce, "Ranar da ruwa zai ci garin nan, sai mun gama shanya katifu Hawainiya za ta ba mu labari."

Kowa ya yi dariya, har wanda ya rubuta ta.

Yaya ne ya rubuta ta tun yana saurayi, lokacin da ofishin ba shi da komai sai kwamfuta ɗaya da ake lulluɓewa da ƙyalle. Duk ofishin Yaya ake ce masa, har Darakta, kuma a bakin Auta aka ɗauka. Ita ce ƙaramar ƙanwarsa. A hannunsa ta tashi bayan rasuwar mahaifinsu, shi ya koya mata rubuta manhaja a kan teburin cin abinci, shi ya rako ta ranar da ta fara aiki a ofishin ya nuna mata kujerar da ba ta girgiɗi. Ta sha roƙonsa ya bari ta taɓa Hawainiya ta ƙara mata sauri. Sai ya ce, "Bari damina ta wuce." In damina ta wuce kuma ya ce ai yanzu ba gaggawa.

Wata safiya ya yanke jiki ya faɗi a barandar ofis da kofin shayi a hannu. Likita ya ce jini ne ya toshe a ƙwaƙwalwa. Ya rayu, amma ɓarin dama ya shanye, magana kuma ta tafi. Kalma biyu suka rage masa, "to" da "madalla". Da su yake neman ruwan sha, da su yake faɗa, da su yake kuka.

Da hadari ya fara haɗuwa a gabas, Darakta ya kira Auta. Mutum ne mai sanyin magana, ba ya fara zance sai ya cire tabarau ya goge.

"Ba zan ɓoye miki ba," in ji shi. "Da, in Hawainiya ta makara, Yaya yakan dubi alƙaluman da ido ya ce mana ga inda ruwa zai tsaya, kuma da wuya ya kuskure. Yanzu ba mu da wannan idon. Ko dai ta yi sauri, ko mu zauna mu zuba wa sama ido kamar kowa."

"Zan gwada, ranka ya daɗe."

Ta koma teburinta ta buɗe rubutun manhajar. Ta daɗe ba ta karanta komai ba, don ko'ina hannun Yaya ne: yadda yake taƙaita sunaye, yadda yake barin layi biyu fili kafin abu mai wuya, kamar mai jan numfashi. Sai da ta je ta wanke fuska ta dawo.

Aikin Hawainiya ba wani ɓoyayyen abu ba ne. An raba kogin gaɓa-gaɓa, kuma a kowace gaɓa ana son a san ruwa nawa zai wuce, da tsayin da zai kai. Ƙasan kogi ba akwati ba ne da za a auna tsawo da faɗi a ninka. Saboda haka manhajar takan yanka faɗin kogin siri-siri, ta lissafa ruwan kowane yanka da fomula, ta tara su duka. Iya sirantar yanka, iya kusantar gaskiya, iya kuma daɗewa.

Fomular kowace gaɓa Yaya ya ajiye ta a fayil dabam, a rubuce kamar yadda ake rubutawa a allon aji, don injiniya ya iya canzawa ba tare da ya taɓa cikin manhajar ba. Dabara ce mai kyau. Matsalar ita ce duk yankan da Hawainiya za ta lissafa, sai ta koma ta karanta fomular daga farko, harafi-harafi, ta nemi inda baka ta buɗe da inda ta rufe, ta gane wannan ninkawa ce wancan rabawa, ta yi lissafin, ta manta, ta sake a yanka na gaba. Kamar mutumin da duk lomar da zai kai baki sai ya tambayi yadda ake riƙe cokali.

Auta ta sa ta karanta fomular sau ɗaya tak, ta juya ta zuwa abin da inji ke gudu da shi kai tsaye. Sannan ta daina miƙa mata yanka ɗaya-ɗaya, ta riƙa ɗaure su dami guda tana ba ta. Da waɗannan biyun kaɗai, aikin da kan ci wuni ya koma na kafin shayi ya huce. Dogo ya tsaya a bayanta yana kallon koren layin yana zarcewa, ya riƙe baki.

"Wannan ai ba Hawainiya ba ce kuma. Sai mu sake mata suna."

Da ta tsaya a nan, da shi ke nan. Amma akwai abu na uku da ya daɗe yana damunta. Yankan Yaya duk faɗinsu ɗaya, ko a inda ƙasan kogi yake shimfiɗe kamar tabarma, ko a inda yake da rami da duwatsu. Ta koya wa manhajar ta yi manyan yanka a wuri mai laushi, in ta zo inda ƙasa ta karkace ta yi ta rabawa tana ƙara rabawa har amsa ta daina motsi. Haka littattafai suka ce a yi, haka kuma shi kansa ya koya mata.

Ta ɗauki ruwan bara ta gwada sabuwar da tsohuwar. Gaɓar farko amsa ɗaya. Ta biyu ɗaya. Haka ta yi ta gangarowa da kogin tana murmushi ita kaɗai, har ta iso tsohuwar gada, inda katangar siminti ta raba ruwa da unguwar ƙasan gada. Nan amsoshin suka rabu. A ƙaramin ruwa bambancin bai taka kara ya karya ba. Da ta zuba alƙaluman babban ruwa, tsohuwar ta ce zai tsaya ƙasa da bakin katanga, sabuwar ta ce zai haura.

Ta ɗauka kuskurenta ne, ta kuma yi fatan haka. Ta bi layukanta ɗaya bayan ɗaya ba ta ga komai ba. Ta cire gyara na uku, amsar Yaya ta dawo daram. Sai ta ɗauki hanyar Yaya yadda take, ta sirantar da yankan ƙwarai, ta bar kwamfutar tana ta faman aiki har ƙarshen mako. Da ta dawo ta tarar amsar ta rarrafo ta zo ta tsaya kusa da tata. Wato a wajen lissafi ita ce da gaskiya. Ƙarƙashin gadar akwai ginshiƙai da wani rami mai zurfi, yankan Yaya kuwa tsallake su suke yi.

Ba ta ji daɗi ba ko kaɗan, don a lokacin idonta ya riga ya faɗa kan wata lamba.

Kowace fomula tana da lambar da ke nuna yadda duwatsu da ciyayi da ginshiƙai ke riƙe ruwa su rage masa gudu. A sauran gaɓoɓi lambobin irin na littafi ne. Ta gada kuwa wata iri ce, mai dogon wutsiya, ba ta yi kama da abin da aka kwafo daga ko'ina ba. Hanya biyu ce kawai Yaya zai iya samunta. Ko dai ya shiga kogin ya auna ta da kayan awo, ko kuwa ya zauna ya yi ta murɗa ta har amsar Hawainiya ta yi daidai da ambaliyar da ya gani da idonsa. In ta farko ce, tsohuwar amsa kuskure ce tun fil azal, Allah ne kawai ya yi ta rufa asiri. In ta biyu ce, lambar ta riga ta haɗiye kuskuren yankan, su biyun sun daidaita kamar gurgu da sandarsa, ita kuma ta zo ta miƙar da ƙafar ta bar sandar. Sabuwar amsar ce za ta zama ƙarya.

Ta sami Dogo a ɗakin kaya yana shafa wa takalman ruwa mai.

"Mun shiga ruwa da shi a gadar nan, wannan gaskiya ne," ya ce. "Har sau da yawa. Akwai ranar da ruwa ya ja shi sai da na kamo shi ta kwalar riga. Amma abin da yake yi da alƙaluman in ya koma ɗaki, wallahi ban sani ba. Ni nawa riƙe sanda."

"Alƙaluman shekarun nan fa, suna ina?"

Dogo ya ajiye takalmin. "Kin manta kwamfutar da wuta ta ƙona? Takardun kuma suna sito ranar da rufi ya rufta. Abin da ruwa ya bari gara ta ƙarasa."

Da la'asar ta ɗauki kwamfutarta ta hannu ta tafi gidan Yaya. Matarsa, wadda Auta ke kira Anti, tana tsakar gida tana shanya zanin gado. Ta rame, amma bakinta yana nan.

"Ƙanwar miji an tuna da mu. Na ɗauka kin yi sabon yaya a ofis."

"Wane ni, Anti. Ya jikin nasa?"

"Da sauƙi. Yau ya riƙe cokali da hagu, rabi a baki rabi a riga." Ta kalli jakar. "Aiki kika kawo masa?"

"Tambaya ɗaya ce."

"Likita ya ce kar a takura shi."

"E ko a'a ce kawai."

Anti ta matse bakin zanin da ke hannunta. "Jiya na tambaye shi ko zai sha shayi ya gyaɗa kai. Na kawo ya ture kofin. Na ce to ba ka so ke nan, ya sake gyaɗa kai. Je ki gwada, amma in ya fara huci ki bari."

Yaya yana zaune a kujerar da aka jingina da taga, hannun dama a kan filo kamar kayan wani da aka ba shi ajiya. Da ya ga Auta rabin fuskarsa ya yi murmushi. Da ya ga allon kwamfutar kuwa, idonsa ya canza. Ya gane rubutunsa. Ta nuna masa koren layin yana gudu, ya bi shi da kallo har ƙarshe, ya ɗago ya dube ta.

"Madalla," ya ce. Wannan karon kalmar ta faɗo a gurbinta. Auta ta yi tsammanin ƙofar maganarsa ta buɗe.

Ta kai shi gaɓar gada a kan allon. Ta nuna masa amsa biyun gefe da gefe, ta bayyana masa sannu a hankali yadda aka yi suka rabu. Yana bi, ta ga yana bi, don da ta zo kan ramin ƙarƙashin ginshiƙai ya runtse ido kamar wanda aka taka wa ƙafa. Sai ta sa yatsa a kan lambar.

"Yaya, wannan a cikin kogi ka auna ta?"

Ya gyaɗa kai. "To."

Ta sauke numfashi. Sai ta tuna maganar shayi.

"Ko kuwa murɗa ta ka yi har ta yi daidai da ambaliya?"

Ya gyaɗa kai. "To. To."

Ta yago takarda biyu, ta zana igiyar ruwa a ɗaya, ta zana kwamfuta a ɗaya, ta ajiye a cinyarsa ta ce ya taɓa wadda ce. Ya taɓa ta ruwa. Ta sauya musu wuri, ya taɓa ta kwamfuta, wadda ta koma inda ta ruwa take. Ta ba shi biro a hagu. Ya riƙe shi da ƙarfi har farcensa ya yi fari, ya ja wani layi mai karkarwa, ya ja wani, ya tsaya yana kallon abin da ya fito. Ba harafi ba ne, shi ma ya ga ba harafi ba ne. Bakinsa ya yi ta motsi, jijiyar wuyansa ta tashi. Amsar tana nan a cikinsa, Auta tana ganinta a idonsa kamar mutum a bayan gilashi yana buga taga.

"Madalla," ya ce da ƙarfi, ya yi jifa da biron. "Madalla. Madalla."

Anti ta shigo da sauri ta rungume kansa a ƙirjinta. Ba ta yi wa Auta faɗa ba, ta dai ce, "Rufe abin nan." Auta ta rufe. Ta durƙusa ta tsince takardun daga ƙasa, ta ɗauko biron daga ƙarƙashin gado, ta rasa inda za ta sa idonta.

Washegari ta faɗa wa Darakta komai. Ya saurara har ta gama, tabarau a hannu.

"In na fahimce ki, kina iya ba ni amsar Yaya da sauri."

"Ina iyawa."

"To ai ita na nema."

"Amma ranka ya daɗe, mai yiwuwa kuskure ce."

"Taki kuma?"

"Ita ma mai yiwuwa."

Ya mayar da tabarau. "Da ba ki taɓa abu na ukun nan ba, da yanzu muna murna."

"Da muna murna," ta ce. "Ramin dai yana nan."

Bai musa ba. Ya ce ta bar su biyun suna gudu, allo ɗaya amsa biyu, Allah ya sa kada a zo inda za a zaɓa.

Ruwan farko da na biyu sun wuce lafiya, amsoshin suna tafiya kafaɗa da kafaɗa. Sai tsakiyar damina aka wayi gari ana ta kiran waya daga tuddai. Ruwa ake kamar da bakin ƙwarya tun jiya, kuma ba alamar ɗaukewa. Kafin hantsi alƙaluma sun iso. Auta ta zuba su, amsa ta fito tun Dogo bai gama cire rigar ruwa ba. Ta Yaya ta ce ruwa zai iso gada da yamma, ya tsaya taƙi ɗaya ƙasa da bakin katanga. Tata ta ce zai haura da kamu guda.

Ma'aikata suka taru a bayan kujerarta. A da, a irin wannan lokaci, kowa jiran Hawainiya yake, ana hira ana tsokanar juna. Yanzu ga amsa tun da wuri, ga sa'o'i a hannu, ba wanda ya san abin da zai yi da su.

Darakta ya ja kujera ya zauna kusa da ita, abin da bai taɓa yi ba. Ya yi magana ƙasa-ƙasa.

"Kafin ki zo ofishin nan mun taɓa kwashe unguwar nan. Muka zuba su a makaranta, ruwa bai zo ba. Ɓarayi suka yashe gidajen, wata tsohuwa kuma sanyi ya kama ta a ajin da aka ajiye ta, ba ta tashi ba. Har yau in motarmu ta shiga layin yara jifa suke yi. In na ce su tashi ruwa bai zo ba, ba za su ƙara jin maganarmu ba har abada. In na yi shiru ya zo..." Bai ƙarasa ba. "Ke a ranki wacce kika fi yarda da ita?"

Ta duba ranta da gaske. Ta san Yaya mutum ne da ba ya yarda da abin da bai taɓa da hannu ba, wannan ya sa ta ce aunawa ya yi. Ta kuma san shi da haƙurin zama a gaban allo yana murɗa abu har ya zauna daidai.

"Ban sani ba, ranka ya daɗe."

"Ko da zato."

"In na faɗi zato, za ka ɗauke shi a matsayin sani."

Ya daɗe yana kallon allon. Daga ƙarshe ya sa aka fitar da sanarwa mai tsaka-tsaki: mutanen ƙasan gada su zauna cikin shiri, a ɗaga kaya sama, a kai tsofaffi da ƙananan yara wajen 'yan uwa a tudu. Mota mai lasifika ta zaga. Wasu suka ji, da yawa suka leƙo suka kalli sama suka koma ciki.

Da rana ta karkata Auta ta bi Dogo zuwa gada. Kogin ya zama ja, yana tafe da buhuna da rassa da gawar akuya. A jikin ginshiƙin farko akwai sandar awo mai lambobi, da akwatin na'urar da ke aika tsayin ruwa ofis. Suka tsaya a ƙarƙashin lema ɗaya suna kallon ruwan yana cin lambobin ɗaya bayan ɗaya. Auta ta kama kanta tana addu'ar ya tsaya, ta kuma san in ya tsaya za ta san gaskiya, in ya haura ma za ta sani. Ko ta yaya yau za a raba gardama.

Saura kamar kamu biyu ya kai bakin katanga sai Dogo ya damƙi hannunta. Wata ƙatuwar bishiya ce ke tahowa da saiwoyinta a sama, ta ɗauko rufin kwanon wani gida ta haɗa. Ta zo ta gindaya a bakin tsakiyar gadar. Ƙarar ta ratsa ƙafafunsu. Nan da nan tarkace ya taru a bayanta, ruwan ya rasa hanya, ya kumbura ya koma baya. Bai ma bi ta kan katangar ba. Can sama ya zagaya, inda katangar ta ƙare, ya gangaro cikin unguwar ta baya. Wani reshe ya daki ginshiƙin farko ya tafi da sandar awon da akwatin gaba ɗaya.

Abin da ya biyo baya Auta ba ta riƙe shi a jere ba. Ta tuna tana cikin ruwa har cinya tana miƙa wa wani mutum jaririya ta kan katanga. Ta tuna Dogo da wani tsoho da ya goyo. Gidaje da yawa sun zube. Mutum ɗaya aka rasa, wani tela, wanda ya riga ya fita ya koma ɗauko keken ɗinkinsa.

Bayan ruwa ya janye aka kafa kwamiti. Aka kira ta ɗakin taro mai dogon tebur, ta yi bayanin yanka da fomula da lamba iya yadda za ta iya sauƙaƙawa. Shugaban kwamitin, wani dattijo mai furfura a gira, ya saurara da kyau.

"To yanzu, 'yata, wacce ce ta yi daidai?"

"Ba a sani ba. Bishiyar ta toshe gadar kafin ruwan ya kai inda zai kai. Ba ɗaya a cikinsu da ta san da bishiya. Na'urar awon kuma ta tafi."

"Amma an ce kin sa abin yana sauri."

"Yana sauri."

"Saurin ya amfana da me?"

Ba da gatse ya yi tambayar ba, so yake ya rubuta wani abu. Darakta ya ce an samu lokacin fitar da sanarwa, wanda a da ba a samu. Dattijon ya rubuta wannan.

Yaya a rediyo ya ji labarin. Anti ta ce tun ranar ya juya fuska bango, abinci sai da lallashi. Da Auta ta je bai saki wuyan hannunta ba har ta tashi tafiya. Ta gaya masa bishiya ce, ba lissafinsa ba ne, ba nata ba ne. Ta faɗa sau biyu. Ba ta san ko ya yarda ba, ba ta ma san ko tambayar da yake yi ke nan ba.

Da ƙasa ta ɗan bushe aka kawo sabuwar sandar awo. Auta ta bi Dogo kafa ta, don ba ta iya zaman ofis a kwanakin. Ya hau tsani da abin huda siminti, ita tana ƙasa cikin laka tana riƙe da gindin sandar. Unguwar tana warin danshi. Ko'ina an baza kaya a rana, katifu da littattafan yara da hotuna da suka manne da juna.

Wata mata da ke wanke kujerun roba a bakin katanga ta daɗe tana kallonsu, sannan ta matso tana share hannu a zani.

"Ke ce ta kwamfutar?"

"Ni ce, Inna."

"An ce biyu gare ku, ɗaya ta ce zai zo ɗaya ta ce ba zai zo ba."

"Haka ne."

"To yanzu da wannan sandar za ku gane mai gaskiyar?"

"Za mu gane. Amma ƙaramin ruwa ba ya nunawa, don a nan bakinsu ɗaya. Sai an yi babba mun auna. Ɗaya ma ba zai isa ba."

Matar ta juya maganar a ranta. Ba ta yi fushi ba.

"Wato sai ya sake cin mu kafin ku sani."

Auta ta gyara riƙon gindin sandar. Matar ta jira kaɗan, ta gyaɗa kai, ta koma wajen kujerunta.

"Ta karkace," in ji Dogo daga saman tsani. "Turo ta hagu kaɗan."

Ta tura.

"Ya yi yawa. Dawo da ita."

Ta dawo da ita, ta ƙanƙame da hannu biyu, lakar tana shige mata takalmi, shi kuma ya fara huda.